A Faɗa wa Yaro Nauyin Kaya Kafin Ya Danna

Ina koyar da matasa rubuta manhaja da yaren Python a wani ɗan shago a Gusau. Kwamfutocinmu huɗu ne, intanet kuwa daga wayata muke jawo shi. Yawancin ɗaliban 'yan cikin gari ne, amma akwai biyu daga Bungudu, da wani mai hawo mota daga Tsafe kowace Asabar.

Mai rubuta manhaja kamar bakanike yake, ba ya ƙera komai daga tushe. Akwai rumbuna a intanet da ake tara guntayen manhaja waɗanda wasu suka riga suka rubuta, ka ɗauko kyauta ka haɗa da naka. Na Python sunansa PyPI. Na JavaScript kuma npm, wanda aka kafa a 2010, kamfanin GitHub ya saye shi a 2020, kayan cikinsa sun haura miliyan.

Wata Asabar yaron Tsafe ya shigo rai a ɓace. Ya sayi data ta mako guda, ya shiga shafin wani rumbu ta waya, ya ga guntun da yake nema, ya kwafi umarnin saukewa ya saka a kwamfutarsa. Ya ce da ni, "Malam, ko fara aikin ban yi ba data ta ƙare." Muka buɗe shafin tare. Bayani ga shi nan da Turanci har ya yi yawa, amma ba a rubuta girman kayan a gaba ba, balle a ce zai jawo wasu guntaye da yawa da ba ya aiki sai da su. Sai da na lalubo can ciki kafin na ga adadin megabayit ɗin.

Ka je wajen mai sayar da kayan gyaran babur a Gusau ka tambayi fistin. Kafin ka miƙa kuɗi zai ce maka wannan orijinal ne, wancan jabu ne, wannan kuma ba ya zama sai ka haɗa da ringi. Abin da nake nema daga shafukan nan ke nan. A saman shafi, inda allon ƙaramar waya zai nuna ba sai an ja ƙasa ba, a rubuta nauyin kayan haɗe da duk abin da zai jawo, da ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe, da ko mai shi yana kula da shi har yanzu. Shafin npm yana nuna yawan masu saukewa a mako da ranar sabuntawa, kuma wannan yana taimako ƙwarai.

Maganar jabu ta fi damuna. A Satumban 2017 hukumar tsaron intanet ta ƙasar Sulobakiya ta bankaɗo guntaye na bogi a PyPI, ciki har da urlib3, wanda harafi ɗaya ya raba shi da urllib3 na gaske. A shekarar ne aka kama crossenv a npm yana kwaikwayon cross-env yana satar bayanan masu saukewa. An cire su duka. Amma yaron da ke dannawa da babban yatsa, Turancinsa na sakandare, yaya zai lura da harafi ɗaya? Ya kamata akwatin bincike ya tsayar da shi, ya nuna masa cewa akwai sananne mai suna kusa da wannan.

Tun Disamban 2020 aka rufe bincike ta pip, wato umarnin da ake sauke guntayen Python da shi, saboda wasu na'urori da ke dankara wa PyPI tambayoyi, don haka shafin ne ƙofar da sabon shiga zai bi. Masu kula da PyPI, waɗanda da yawansu 'yan sa kai ne, sun sabunta shafin a 2018 da tallafin Mozilla, kuma yana buɗewa a waya lafiya.

Mu nan mun san rayuwa babu sabis. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, Tsafe da Bungudu suka ci gaba da jira. Tun lokacin nake tara guntayen da muke buƙata a filash, in raba wa yara. Da shafukan nan za su sa maɓalli guda da zai sauke guntu da dukkan abokan tafiyarsa da littafin bayaninsa a ƙunshi ɗaya, da yaron Tsafe ya kwasa a nan ranar Asabar, ya yi aikin mako a gida ba tare da ya sayi data ba.