DANDALIN WASANNI: Yaron Da Ya Ƙi Sakin Maduganci

A ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu ana jefawa, kowane ɓangare yana sa mutum 11 a fili, amma ɗaya ne madugu. Shi ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanci tsayuwar abokan karawa, sa'an nan ya jefa wa wanda ya ga dama. Shekaru da yawa masu horarwa a manyan jami'o'in ƙasar sun riƙi wata camfa, wai baƙar fata gudu kurum ya iya, ba shi da kan jan ragama. Duk yaro baƙi da ya zo da gwanintar jifa, sai a mai da shi mai gudu ko mai tsaron baya.

Warren Moon ya ƙi wannan. An haife shi a Los Angeles a 1956, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 7, ya tashi a hannun mahaifiyarsa, ma'aikaciyar jinya, tare da 'yan'uwa mata 6. A makarantar sakandare ta Alexander Hamilton bai sami maduganci sosai ba da farko, amma a shekararsa ta ƙarshe, 1973, ya yi bajintar da ta sa aka zaɓe shi cikin gwanayen birnin. Jami'o'i suka yi ta zawarcinsa, bisa sharaɗin ya canza gurbi. Ya ce a kai kasuwa.

Maimakon haka sai ya shiga wata ƙaramar kwaleji, West Los Angeles College, a 1974, inda babu suna balle taron 'yan kallo. Daga can Jami'ar Washington da ke Seattle, ƙarƙashin mai horarwa Don James, ta ɗauke shi a matsayin da yake so. To, nan ma bai sha da daɗi ba. A 1975 da 1976 ƙungiyar ta ci wasa 11, aka cinye ta a 11, magoya bayanta kuwa suka dinga yi masa ihu a filinsu na gida. A 1977 aka doke su a wasa 3 cikin 4 na farko. James dai bai sauke shi ba, shi kuma bai karaya ba.

Mahakurci mawadaci. Ƙungiyar ta farfaɗo ta lashe gasar yankinsu, ta sami zuwa wasan Rose Bowl a Pasadena. Ran 2 ga Janairu, 1978, gaban mutum fiye da 100,000, suka ka da Michigan da maki 27 da 20, alhali kowa Michigan yake ba nasara. Moon ya kutsa da ƙwallo bayan layi sau 2 da kansa, ya jefa wata daga yadi 28 aka cafe a can, aka ba shi kambun gwarzon wasan.

Duk da haka babbar gasar NFL ba ta zaɓe shi ba a wannan shekara. Kanada ya nufa, ya ci kofin Grey sau 5 a jere da Edmonton, kafin Houston ta kira shi gida a 1984. A 2006 ya zama madugu baƙar fata na farko da aka sa a zauren gwarzaye na ƙwallon. Da ya karɓi sharaɗin jami'o'in nan yana ɗan shekara 17, da mai yiwuwa ya huta da ihu da ƙaura, amma da ba a taɓa sanin abin da hannunsa ke iyawa ba.