ZARE: Yaron da ya isa talla, ya isa wasa

1/ An shiga dogon hutu, masu wa'azin intanet sun fara: "yaran yanzu sai waya, ko langa ba su iya ba." Malam, wace waya? Yara nawa ke riƙe da waya a Magami? Ku daina ɗora mana ciwon Abuja, namu daban ne. Ku biyo ni.

2/ Mu tsoro ne ya cinye mana dandali. Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Ɗansadau ya san zancen. Jangebe, 26 ga Fabrairu 2021, ɗalibai mata 279. Sabon Gida ta Bunguɗu, Satumba 2023, an kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya. Uwar da gabanta ke faɗuwa in ɗanta ya fita, ban ga laifinta ba.

3/ Amma ga inda nake da ja. Yarinyar da aka hana gaɗa a ƙofar gida "saboda tsaro", ita ake ɗora wa tiren dafaffiyar masara ta zaga tasha har magariba. Yaron da aka hana ƙwallo a filin firamare, shi ake turawa yankan ciyawar awaki a bayan gari.

4/ Don Allah ku ba ni amsa: tsakanin filin makaranta da bayan gari, wanne ya fi kusa da daji? In fitar za ta kawo kuɗi sai mu ce Allah ya tsare. In ta wasa ce sai mu tuna akwai ɓarayi. Wannan son kai ne, mu daina laƙaba wa tsaro.

5/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar minti 60 kullum na motsa jiki mai sa haki. Ɗan shekara 3 zuwa 4 kuwa minti 180 na zirga-zirga iri-iri. Ta yaya zai samu a ƙuryar ɗaki?

6/ Na san wani zai ce ai ɗibar ruwa ma motsa jiki ne. Haba dai. Jarka ba ta koya wa yaro jiran layinsa, ko yadda zai sha kaye ya tashi ba gaba. A langa ake koyon wannan. Carafke na saita ido da hannu, dara na wasa ƙwaƙwalwa, gaɗa na buɗe bakin mai kunya.

7/ Kuma yaron da ya taso da ƙarar bindiga, a wasa yake amayar da fargabarsa. Ka kulle shi wata biyu da ita a ciki, gobe ka ce ya cika firgita da saurin fushi?

8/ Abin da nake nema ba ya cin kasafin kuɗi. Kananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bunguɗu su bar filayen firamaren da ke tsakiyar gari a buɗe lokacin hutu. Daga la'asar zuwa kafin magariba. Mai unguwa ya sa dattawa biyu su shimfiɗa tabarma a gefe.

9/ Damina ce, to a sare ciyawa, a yashe kwata saboda sauro, a hana yara wankan kududdufi. Kuma 'yan mata su samu nasu ɓangaren, kar maza su mamaye filin da ƙwallo.

10/ Ƙauyen da ko gona ba ta zuwuwa, wannan bashi ne a wuyan gwamnati, iyaye ba su da ta cewa. Amma inda kasuwa ke ci, dandali ma zai iya ci.

11/ Mu ɗaliban jami'a kuma, duk wanda ke gida ya ajiye wayar nan na awa ɗaya, ya tara ƙannensa a ƙofar gida. Mai unguwarku ya ƙi? Ku tambaye shi ina 'yarsa take talla.