Sabuwar Burauza: Ba A Sayen Sa Da Kallo Ɗaya

A unguwar Dogo Tebo ta garin Potiskum, kamar sauran unguwannin garuruwan Arewa, labarin sabuwar manhaja ba daga jarida yake fara isowa ba. Yakan taso ne daga rumfar masu cajin waya da masu tura fina-finai, inda samari ke taruwa da dare. Da zarar wani ya ce ya sami sabuwar burauza, watau manhajar nan da ake buɗe shafukan intanet da ita, kafin a watse an tura wa kowa ta Xender. Hukuncin da za a yanke mata kuwa gajere ne: tana da sauri, tana da kyau. Ba safai ake samun wanda zai kula da 'yar kalmar da ke maƙale da sunanta ba, watau beta.

Kalmar nan sunan harafi na biyu ne na Girkanci. Masu ƙera manhaja sukan fara gwada aikinsu a cikin gida, wannan shi ne matakin alfa. In sun ga ya soma tsayawa da ƙafarsa sai su sake shi ga jama'a da sunan beta, don a tono musu sauran aibin da ya ɓuya. Ashe ke nan wanda ya sa irin wannan manhaja a wayarsa ɗan gwaji ne, aiki yake yi wa kamfanin ba lada, da datarsa da batirinsa.

Abin mamaki shi ne, mutanen Potiskum sun fi kowa sanin hatsarin kallon farko. Kasuwar shanunsu tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma ba wanda zai biya kuɗin sa don kawai fatarsa na sheƙi. Sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya dubi kofato, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa, kome daɗin bakin dillali. Amma wannan mutum ɗin, in aka zo kan waya, minti biyu sun ishe shi.

Tarihin waɗannan manhajoji ya isa darasi. Ranar 2 ga Satumba, 2008, kamfanin Google ya saki Chrome a matsayin gwaji, don kwamfutoci masu Windows kaɗai. Duniya ta ɗauka da yabon saurinta da rashin tarkacenta. Ba a yi kwana biyu ba masana tsaron kwamfuta suka gano ɓarakar da mugu zai iya bi ya cusa wa mutum cuta. Waɗansu kuma, masu haƙurin karanta sharuɗɗan da kowa ke amincewa da su ido rufe, suka ci karo da wani sashe da ya ba kamfanin izni a kan abin da mutum ya aika ta cikin burauzar. Google ya ce kuskure ne, ya cire shi nan da nan. Sai cikin Disamba na wannan shekara aka cire mata sunan beta. Lalle Chrome ta zo ta mamaye duniya daga baya, amma wanda ya yabe ta ranar farko bai san abin da yake yabo ba tukuna.

To, a wancan zamani kwamfuta ba ta kowa ba ce a Jihar Yobe, sai a ofis ko shagon intanet. Burauzar da ta shiga hannun talaka ita ce Opera Mini, ta wani kamfani na ƙasar Norway, wadda aka saki ga duniya a Janairun 2006, kuma take aiki a ƙananan wayoyin Nokia masu madannai. A Satumban 2009 aka fito da gwajin Opera Mini 5, mai iya buɗe shafi fiye da ɗaya a lokaci guda, da fuskar farko mai ɗauke da hotunan shafukan da mutum ya fi ziyarta, har da ajiye lambobin sirri. Waɗannan su ne suka ɗauki ido. Amma abin da ya sa ta zauna daram a Nijeriya ba ya ganuwa a fuska. In mutum ya nemi shafi, ba wayarsa ke ɗauko shi kai tsaye ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke karɓo shi, su matse shi, wani lokaci har da kashi 90 cikin 100 bisa faɗar kamfanin, sa'an nan su miƙo. Ga mai katin naira ɗari da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, wannan ya fi kowace kwalliya.

Sai dai wannan dabara tana tafe da nata sharaɗi, shi ma ɓoyayye. Tun da kome sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin, to, a wannan tsari har shafukan da aka kulle don sirri a can ake buɗe su kafin a sake kulle su a turo. Amana ce aka ba wanda ba a taɓa gani ba. Ya fi muni ga waɗanda suka riƙa sa jabun Opera Mini da waɗansu suka yi wa kwaskwarima don a shiga intanet kyauta, domin su ba su ma san hannun wa suka faɗa ba.

Har wa yau, abin da aka gani ranar farko ba lalle ne ya dawwama ba. Chrome ta waya ta daɗe da tsarin rage cin data, amma a 2022 Google ya janye shi, yana mai cewa farashin data ya sauka a ƙasashe da yawa. A Janairun 2025 kuwa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda ya yanke wancan hukunci a Amurka bai tambayi mai shayi na Dogo Tebo ba.

A 2025 wani sabon iri ya ɓullo, watau burauza mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ba nuna shafi kaɗai take yi ba, har karanta shi take yi, ta cika fom, ta yi sayayya a madadin mai ita. Kamfanin Perplexity ya fito da Comet a watan Yuli, OpenAI ya biyo da Atlas a Oktoba. A kallon farko abin kamar sihiri. Amma tun cikin Agusta masu binciken kamfanin Brave suka nuna cewa ana iya ɓoye umurni a cikin shafi, Comet ta karanta ta bi, ta kwashe sirrin mai ita ta miƙa wa wani. Ɗan aike ne mai zafin nama wanda bai iya bambanta muryar maigida da ta ɗan damfara ba tukuna.

Nan ne maganar ta shafi aljihu. Wayar da a 2009 ake duba sakamakon ƙwallo da ita, yau ita ce bankin mai POS da ɗan kasuwar hatsi, da ita ake tura kuɗin shanu zuwa kudu. Ba a hana saurayi ɗanɗana sabon abu ba, gwajin ma da amfaninsa, don in ba a gwada a kan sabis irin na Potiskum ba, masu ƙerawa ba za su san yadda manhajarsu ke ɗingishi a nan ba. Amma a ɗauko ta daga Play Store, ba daga wayar aboki ba, kuma kada a shiga asusun banki da ita. Chrome Beta da Firefox Beta duka suna zama daban a waya, ba su taɓa tsohuwar da aka saba da ita, saboda haka ana iya riƙe biyun. Bayan mako guda, sashen data da na batir a cikin saitin waya za su nuna, da alƙaluma, nawa kowace ta ci.