Rubutun Yaronki: Me Malami Yake Nufi Da “Scribble”?

 

Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta shigo mini riƙe da littafin ɗanta na firamare, ranta a ɓace. Malami ya rubuta da jan biro a ƙasan shafi: “Stop scribbling.” Ita dai ganin jan biro ya ishe ta, har ta riga ta zane yaron kafin ta zo tambayar ma'anar. Da na duba littafin sai na ga duk amsoshinsa daidai ne, gaggawa ce kawai ta ɓata rubutun. Shi ya sa a wannan wata na ga ya dace mu duba kalmomin da Turawa ke kiran rubutun gaggawa da jagwalgwalo, domin kowace da abin da take nufi, kuma kowace da maganinta.

Ta farko ita ce scribble. Asalinta daga kalmar Latin ce scribere, wato rubutawa. Tana da fuska biyu. Idan babba ne ko ɗan makaranta, ana nufin ya yi rubutu cikin sauri ba tare da kula ba. Idan kuwa ƙaramin yaro ne, ana nufin layukan nan marasa kan gado da yake ja a bango, ko a kan takardun babansa.

Uwargida, wannan na biyun ba ɓarna ba ce. Yawancin yara suna farawa tun suna wajen shekara ɗaya da rabi. Wani masanin koyar da zane a Amurka, Viktor Lowenfeld, a littafin da ya fitar a 1947 ya sanya wannan a matsayin matakin farko na zanen yara, daga shekara 2 zuwa 4. A nan ne yatsu ke koyon riƙe alƙalami, ido kuma yake koyon bin hannu. Maimakon duka, ki ba shi tsohuwar kalanda ya yi a bayanta, ko allo da alli, ki nuna masa nan ne wurinsa, bango kuwa a'a.

Ta biyu ita ce scrawl. Wannan rubutu ne na gaske, da kalmominsa, amma haruffan sun baje, wani ya hau sama wani ya gangara, kamar kyankyaso ya faɗa tawada ya bi ta kan takarda. Amurkawa kan kira irinsa chicken scratch, wato tonon kaza. Idan ya kai har ba ya karantuwa, malami zai rubuta illegible. Wannan ita ce kalmar da ya kamata ta tayar miki da hankali, domin mai duba takardun WAEC ko NECO ba zai ba da maki a kan abin da ya kasa karantawa ba, komai ƙoƙarin yaro.

Ta uku, doodle. Shi ne ɗan zanen da hannu ke yi alhali hankali yana wani wuri: fulawa a gefen shafi, ko akwatuna, ko irin zanen lalle da 'yan matanmu ke cika bayan littafi da shi. Ke ma ƙila kin taɓa yi kina waya. A da can kalmar tana nufin wawa, sai a shekarun 1930 ta ɗauki wannan ma'ana. A 2009 wata malama a Jami'ar Plymouth ta Ingila, Jackie Andrade, ta sa mutum 40 sauraron wani dogon saƙon waya mai gundura. Rabinsu suna ɗan zane, rabi ba sa yi. Da aka tambaye su daga baya, masu zanen sun fi tuna abin da aka faɗa da kashi 29 cikin ɗari. Gwaji ne ƙarami, amma ya isa ya hana mu saurin cewa duk yarinya mai zane a gefen littafi ba ta sauraron darasi. Ki tambaye ta abin da aka koya tukuna.

Ta huɗu kuwa, jot, ba laifi ba ce sam. Daga sunan iota ta fito, harafi mafi ƙanƙanta a rubutun Girkawa. Idan malami ya ce “jot down”, yana nufin a rubuta abu a taƙaice kada a manta, kamar yadda kike rubuta kayan cefane.

To, mene ne abin yi? Idan gaggawa ce, ki binciki dalilinta. Sau da yawa yaro yana tsere ne da mai goge allo, ko yana zaune a baya ba ya gani sosai. In kin lura yana ƙanƙance ido, a kai shi a duba masa. Idan haruffa ne suka baje, ki duba yadda yake riƙe fensir, ki saya masa littafin koyon rubutu mai layuka, ya riƙa yin layi biyar kullum a gabanki. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi shafi goma rana ɗaya da kuka. Idan bahago ne, kada ki tilasta masa komawa dama a rubutu. Idan kuma an daɗe ana fama ba canji, yana kukan ciwon hannu, ki sami malaminsa ku zauna, domin akwai yaran da wahalar rubutu lalura ce gare su, ba lalaci ba.

Maƙwabciyata dai ta koma gida ta rarrashi ɗanta, washegari kuma ta roƙi a dawo da shi layin gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a tanƙwara da sani. Kafin ki ɗaga bulala a kan jan biro, ki nemi wanda zai fassara miki.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.