Dragan Stojkovic: Gwanin da ya kai Sabiya gasa biyu bai ci wasa ko ɗaya ba

A daren 11 ga Oktoba, 2025, Albaniya ta doke Sabiya da ci ɗaya mai ban haushi a garin Leskovac, a wasan neman gurbin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026. Bayan tashi daga wasan ne kocin Sabiya, Dragan Stojkovic, ya ajiye aikinsa. Wata guda kafin nan, Ingila ta lallasa su da ci 5-0 a Belgrade.

Ba ƙaramin mutum ba ne ya sauka. Stojkovic, wanda ake yi wa laƙabi da Piksi, an haife shi a birnin Nis a 1965, kuma yana cikin fitattun 'yan wasan tsakiya da tsohuwar Yugoslabiya ta taɓa samu. Shi ya zura ƙwallaye biyun da suka fitar da Sifaniya a Kofin Duniya na 1990. Daga Red Star Belgrade ya koma Marseille, sannan ya tafi Nagoya Grampus ta Japan a 1994, inda ya zama gwarzon ɗan wasan gasar ƙasar a 1995 a ƙarƙashin Arsene Wenger.

A harkar horarwa ma ya taka rawa. Ya koma Nagoya a matsayin koci a 2008, ya ci mata kofin gasar Japan na farko a tarihinta a 2010. Da aka damƙa masa Sabiya a Maris 2021, cikin wata tara ya bi Fotugal har Lisbon ya doke ta da ci 2-1, ya samu tikitin Qatar kai-tsaye.

Matsalar ta fito fili ne a manyan gasa. A Qatar, Sabiya ta tashi da maki ɗaya, an zura mata ƙwallo takwas a wasa uku. Masu kallo a Afirka ba za su manta yadda take gaban Kamaru da ci 3-1 ba, amma aka tashi 3-3. A Gasar Turai ta 2024 sai lamarin ya juye: baya ya ɗan gyaru, gaba ya mutu, ƙwallo ɗaya tak suka ci duk da suna da Aleksandar Mitrovic da Dusan Vlahovic. Wasa shida ke nan a gasa biyu, babu nasara.

A nan ne laifin hukumar ƙwallon ƙasar yake. Bayan gasar 2024 akwai isasshiyar hujjar sauya hannu tun kafin a fara wasannin neman gurbi, amma ta bar shi a kan kujera. Da wuya a raba wannan haƙuri da girman sunansa, domin mutum ne da ya taɓa shugabantar hukumar kanta, ya kuma shugabanci Red Star. Sallamar irinsa ba ta da sauƙi.

Kuɗin wannan jinkiri ya fito. Veljko Paunovic, wanda ya ci wa Sabiya Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2015, ya karɓi tawagar ne lokacin da bakin alƙalami ya kusa bushewa. Ingila da Albaniya suka gama a saman rukunin, Sabiya kuwa ta rasa gurbi a gasar da aka faɗaɗa zuwa ƙasashe 48.