Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Legas: Agege Na Jiran Ruwan Famfo

Mai girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu,

Maganar Agege ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da Hausa na rubuto, domin da ita dubban talakawanka na wannan yanki suke ciniki, da ita suke rarrashin 'ya'yansu, kuma na tabbata ba za a rasa mai karanta maka ba a ofishinka na Alausa.

Zan fara da yabo, don ka cancance shi. Duk wanda ya san Pen Cinema a da ya san azabar mararrabar nan, inda titi ya haɗu da layin dogo, motoci su cushe tun hantsi, mai ciwo ya galabaita a cikin mota kafin a kai shi asibiti. Gadar sama da aka fara a zamanin tsohon Gwamna Akinwunmi Ambode, kai ka ƙarasa ta, aka buɗe a watan Maris na 2021. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da sabon jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan, da babbar tasha a Agege. A ƙarshen Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da jirgin cikin gari mai jan layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, shi ma yana tsayawa a nan. Allah ya saka da alheri.

Sai dai duk waɗannan ayyuka na mai tafiya ne. Mutumin da ya sauka daga jirgi ya shiga lungu, ya isa ɗakinsa a Isale Oja ko Oniwaya ko Papa Ashafa, abin da zai fara nema shi ne ruwan alwala da na wanka. A yawancin gidaje ruwan nan saye ake yi, jarka jarka.

Ka ba ni dama in koma baya kaɗan, don a san su wa ake magana a kansu. Agege ƙasar Yarabawan Awori ce, su ne masu gari, kuma Olu na Agege da Alayige na Orile Agege suna nan a kan karagarsu. Layin dogon da ya tashi daga Iddo ya ratsa ta nan, aka buɗe shi zuwa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. A wannan zamanin ne wasu 'yan bokon Legas suka fito daga tsibiri suka sari daji suka kafa manyan gonaki, fitaccensu Jacob Kehinde Coker na Ifako, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Koko suka sa gaba, amma sun dasa goro irin na Gwanja, wanda a da fatakenmu ke shafe watanni a kan jakuna kafin su samo shi. Goro ya karɓi ƙasa, ga jirgi a bakin gona. Nan da nan Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa suka sauka, aka yi zango, aka sami masu masauki da dillalai, mata na ɓarar goro suna wankewa, maza na ɗaure huhu da ganye ana lodawa a tarago zuwa Arewa. Bayan goro shanu suka biyo, ga mayankar Oko-Oba nan tana ciyar da Legas nama, dabbobin kuwa daga Arewa da Nijar da Chadi ake kawo su. Malamai ma sun zo. Makarantar Markaz ta Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori, wadda ya kafa a Abeokuta a 1952, nan ya dawo da ita bayan 'yan shekaru, ta yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama.

Na kawo wannan ne saboda har yau akwai masu kallon Bahaushen Agege a matsayin baƙon da ya sauka jiya. A Zango akwai gidajen da aka haifi kaka, aka haifi uba, aka haifi jika. Suna jin Yarabanci kamar kowa, sun yi auratayya da maƙwabta, suna biyan haraji, suna jefa ƙuri'a a nan, a nan kuma ake binne su. Kukan ruwa da nake kawowa na Bayerabe ne da Bahaushe da Ibo baki ɗaya, domin layi ɗaya suke bi a bakin rijiyar burtsatse.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kusancin. Matatar ruwa ta Iju, wadda Gwamna Lugga ya buɗe a 1915, a bayan gidanmu take. Turawa sun gina ta ne don Ikoyi da tsibirin Legas, har mutanen gari suka yi bore a 1908 a kan harajin ruwan da aka nemi ɗora musu tun ba su ga ruwan ba. Yau ana cewa Iju na iya tace galan miliyan 45 a rana. Gaba kaɗan ga matatar Adiyan ta farko, mai galan miliyan 70, wadda ke ɗebo ruwa daga kogin Ogun. Adiyan ta biyu, ita ma mai galan miliyan 70, tun 2013 aka sa hannu a aikinta, an haura shekara 10 ana jira. Alƙaluman da aka daɗe ana ambata sun nuna duk matatun jihar, ko da suna aiki ba tangarɗa, galan miliyan 210 za su bayar, buƙata kuwa ta kai miliyan 540. Manyan matatun jiha biyu suna maƙwabtaka da mu, yaranmu na yawo da bokiti. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ina roƙonka wata rana ka sa a tsaya da kai a wani lungu bayan sallar asuba, ba tare da jiniya ba. Za ka ga ɗan garuwa ya jera jarkoki 10 a kura, kowace lita 25, wato kilo 250 yake turawa da ƙirjinsa a kan hanyar da ruwan sama ya zaizaye. In taya ta faɗa rami sai ya sa kafaɗa, wani mai wucewa ya kama masa. Da yawansu samari ne daga Arewa da Nijar, kuma da ba don su ba, da tukunya ba ta hau wuta a gidaje da dama ba. Za ka ga gidan haya mai ɗakuna jere suna kallon juna, iyali a kowane ɗaki, banɗaki ɗaya a ƙarshen baranda, uwar gida ta raba jarka biyu: wannan ta girki ce, wannan ta wankan 'yan makaranta, ruwan ɗaurayar kaya kuma a tara shi don zubawa a masai. Ranar da aka ɗauke wuta, injin burtsatse ya tsaya, mai rijiya ya kunna janareta, kuɗin jarka ya tashi kafin azahar. Talaka ya fi mai famfo a gida biyan ruwa da tsada, kuma ba shi da tabbacin tsabtar abin da ya saya.

A nan yanayin wurin ya shigo. Agege a kan tudu take, nesa da gaɓar teku, shi ya sa ruwan ƙasarta ba ya da gishiri irin na wasu sassan Lekki. Wannan ni'ima ce ta sa kowa ya haƙa tasa rijiyar. Amma fili ya ƙare. Ikeja da filin jirgin sama na Murtala Muhammed sun tokare ta ta gefe guda, Alimosho ta yamma, Ifako-Ijaiye ta arewa. Ƙidayar 2006 ta ce mutum kusan 460,000 ne a ƙaramar hukumar, gwamnatin jihar da kanta ta ce sun haura miliyan ɗaya. A irin wannan cunkoso, tsakanin rijiyar wani da ramin masan maƙwabcinsa taku kaɗan ne. Legas kuma na samun ruwan sama sama da milimita 1,500 a shekara. In Yuni da Yuli suka kama, kwatoci su cika su tumbatsa, magudanan Oko-Oba su yi ambaliya, ƙazanta ta bi ƙasa ta gangara inda ake ɗebo na sha. 'Yan siraran bututun roba da mutane ke ja wa kansu, ta cikin kwata suke bi, an ɗaɗɗaure inda suka fashe da tsumma da roba. Ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a jihar nan a watan Yunin 2024 ba. Mutanen Baruwa da ke kusa da mu a Alimosho kuwa sun shafe shekaru rijiyoyinsu na warin fetur.

Ranka ya daɗe, na san gada ana ganinta daga nesa, bututun da aka binne kuwa ba mai ɗaukar hotonsa. Duk da haka shi nake roƙo. A faɗa wa jama'a ranar da Adiyan ta biyu za ta fara ba da ruwa, a kuma tsaya a kan ranar. Sannan a shimfiɗa bututu cikin unguwanni tun yanzu, domin matata ba ta da amfani ga lungun da bututu bai shiga ba, tsofaffin da ke ƙasa kuwa da yawa sun ruɓe, wasu aikin titi ya datse su. Idan ruwan ya tashi daga arewacin jihar zai gangara kudu, adalci shi ne unguwannin da ya fara tararwa su fara sha.

Ana ta maganar shigo da kamfanoni cikin harkar ruwa. Ni ba na gaba da kowane tsari da zai kawo ruwa, amma a bayyana farashi a fili kafin a sa hannu a kan takarda, a kuma ware famfunan unguwa masu rahusa ga gidajen da ba za su iya jan layi ba. Waɗannan famfuna a damƙa kula da su ga 'yan garuwa, a yi musu rajista, a koya musu sa sinadarin tsabtace ruwa. Sun san kowane gida da yawan jarkar da yake sha, kuma bai dace ranar da famfo ya zo ta zama ranar da abincinsu ya yanke ba. Kafin nan, jami'an lafiya su riƙa gwada ruwan rijiyoyin da ake sayarwa, a liƙa sakamako a jikin tanki da Yarabanci da Hausa da Turanci.

Ba sai an je nesa neman abokan shawara ba. Kakakin Majalisar Dokokin jiha, Mudashiru Obasa, mazaɓar Agege yake wakilta. Fadar Olu na nan, fadar Sarkin Hausawan Agege na nan, ga limamai da fastoci da shugabannin kasuwa da na mahauta. A tara su a filin wasa na Agege, a baza taswirar bututu a gabansu, kowa ya nuna lungunsa, a rubuta wanda za a fara da shi da watan da za a fara.

Wassalam.

Naka,
Ɗan Zangon Agege