Ƙarin Sifirin a Bayan Mota: Mu Daina Yaudarar Kanmu



Duk wanda ya taɓa tsayawa a Bridge Head ta Onitsha da asuba yana jiran kayan gwari daga Arewa ya san wannan siffa: J5 ta sauke tumatir da albasa, bayanta ya ɗage sama kamar kunama, hancinta na duban ƙasa. Ba haka Peugeot ta ƙero ta ba. Aikin bakanike ne. An je Nkpor, ko Coal Camp a Enugu, ko Ikoku a Fatakwal, an sayo falle biyu ko uku na sifirin ɗin wata motar, an cusa a kan na asali, an ɗaure. Mai mota ya yi murmushi, wai yanzu za ta ɗauki kaya.

Mun san dalili, kuma ba mu raina shi ba. Mai ya yi tsada, ga masu karɓar haraji a kowace ƙaramar hukuma daga Obollo-Afor har Ninth Mile. Direban da ya tsaya a kan lodin da kamfani ya rubuta zai iya komawa gida da bashi. Mu 'yan kasuwa ma da hannunmu a ciki, mu ne masu cewa "Direba, a taimaka a ɗora kwando biyar ɗin nan."

To amma sifirin abu ɗaya yake yi, ya hana mota zama a kan tayoyinta. Birki na nan yadda yake, taya na nan, shokozoba na nan. An dai ɓoye alamar da ke nuna kaya sun yi yawa.

Akwai kuma wani abu da da yawanmu ba su lura da shi ba. Motoci irin J5 suna da wani bawul a baya da ke auna nauyi ta yadda mota ta zauna. In ta yi ƙasa, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Da zarar an ƙara sifirin, mota ba ta zama ko da an cika ta, sai bawul ɗin ya ɗauka ba komai a ciki, ya bar birkin gaba da kusan duk aikin. Ga shi J5 da tayoyin gaba take ja, da su take juyawa, kuma kaya an jibge su a baya. Sai a gangaren Ugwu Onyeama, birki ya yi zafi, direba zai gane abin da aka yi masa, lokacin kuwa ba a iya komawa wurin bakanike.

Ko masu ƙera mota wannan ya taɓa kama su. A Ingila akwai wata 'yar ƙaramar motar tsere mai suna MGB, wadda aka yi daga 1962 zuwa 1980, ita ma sifirin falle-falle ne a bayanta. A 1974 aka ɗaga ta da kusan inci 1 don cika ƙa'idar Amurka. Inci ɗaya tak, amma masu tuƙa ta suka koka cewa tana karkata a kwana, har sai da kamfanin ya sa mata ƙarfen daidaito a baya a samfurin 1977. Har yau masu sha'awarta in za su taɓa bayanta sai sun haɗa da shokozoba da ya dace. Su kenan masu ɗaukar mutum biyu. Mu kuwa muna ɗaga tamu fiye da haka, mu ɗora buhuna har kan rufi, yaron mota na zaune a sama.

Ba mu ce kada a taɓa sifirin ba. Wanda ya gaji a canza shi da irinsa, ɓangare biyu tare. In dole sai an ƙara, a sake saita bawul ɗin birki, a duba lodin da aka rubuta a jikin taya.

Sauran aikin na shugabanninmu ne. Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da shugabannin 'yan gwari su zauna da direbobi a tsayar da adadin kwando da buhun da kowace mota za ta ɗauka, a kuma gyara kuɗin dako ya biya direba. Mu da muke karɓar kayan, mu amince mu biya ƙarin.